Wasiƙa Daga Bamingam Kan Tsadar Fetur Da Yadda Muke Lallaɓa Tanki

Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna, na zauna ne in amsa tambayar da ka yi mini a waya ranar Juma'a, wadda na kasa tsayawa a kanta saboda ina kan hanyar aiki. Ka ce tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 motarka ta fi daɗewa a ƙofar gida fiye da kan titi, kuma kana son sanin ko mu ma tsadar mai tana taɓa mu a Ingila, ko kuwa a nan fetur tamkar ruwan rijiya yake. Tana taɓa mu ƙwarai, sai dai inda take cizonmu daban ne da inda take cizonku, kuma cikin dabarun da na koya a shekara shida da na yi a wannan ƙasa akwai waɗanda za su yi maka aiki gobe da safe, akwai kuma waɗanda in na ba ka shawarar bi na cuce ka.

A shekarar 2025 litar fetur a nan ta yi ta kai-komo ne tsakanin kwabo 130 da kwabo 140. Su peni suke ce masa, ɗari a fam ɗaya, amma ni bakina ya ƙi sabawa, kwabo nake cewa kamar yadda su Baba suke kira kafin zuwan naira a 1973, ko da yake fam na zamaninsu kwabo 240 ne. In ka juya kuɗin a canjin shekarar, wajen naira 2,000 a fam, za ka ga lita ɗaya ta kama mini kusan naira 2,700, wato ninki uku na naira 900 ɗin da ka ce kana biya a Kano. Haraji ne ya kai ta can. A 2025, a kan kowace lita gwamnati tana karɓar kwabo 52.95 a matsayin harajin mai, sannan ta ɗora harajin saye na kashi 20 cikin ɗari a kan jimillar kuɗin, har da shi wancan harajin na farko, ta yadda fiye da rabin abin da na biya a gidan mai baitulmali yake tafiya. Ku kuna kukan an janye muku tallafi, mu kuwa a nan direba ne yake tallafa wa gwamnati.

Amma wanda ya tsaya a nan ya yi lissafin dokin Rano. Mafi ƙarancin albashi a nan, a Afrilun 2025, ya zama fam 12.21 a awa ɗaya ga wanda ya kai shekara 21, don haka a lokacin aikin awa guda yana sayen kimanin lita tara. A gida mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a wata tun Yulin 2024, kuɗin da bai kai na lita 80 ba. Man da ƙaramin ma'aikaci a Najeriya zai saya da guminsa na wata cur, takwaransa na nan zai saye shi da aikin yini ɗaya da 'yar ɗoriya, kafin a cire masa haraji. Wannan shi ya sa ba na buɗe baki in yi maka ƙorafin tsadar mai a waya, domin kunya nake ji.

Abin da yake cinye mu a nan shi ne sauran hidimar mota, wadda ba ta barin komai a aljihu kafin a zo maganar mai. Inshorar da kai kake biya naira 15,000 a shekara, ni a shekarata ta farko sama da fam 1,500 na biya, saboda kamfanoni ba su da tarihin tuƙina, kuma ba takarda ce da ake nuna wa jami'i a wuce ba, kyamarorin kan titi suna karanta lambar mota su gane wadda ba ta da ita. Ga harajin hanya, ga gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, wanda ya wajaba a kan duk motar da ta haura shekara uku. Kuɗin gwajin kansa ba ya wuce fam 54.85, amma in mota ta faɗi sai an gyara kafin ta sake hawa titi. Ga kuɗin ajiye mota a kusan ko'ina cikin gari. Tun Yunin 2021 kuma, duk tsohuwar mota mai hayaƙi da ta shiga tsakiyar Bamingam sai ta biya fam 8 a rana, a Landan kuwa fam 12.50 ne. Duk waɗannan ba ni da ikon rage su. Mai kaɗai ne abin da yake hannuna, kuma ka san aikina na zagayawa gidajen tsofaffi ne ina kula da su, gida goma ko sha biyu a yini, da motata. A 2025 hukumar haraji ta yarda a biya ma'aikaci har kwabo 45 a kan kowane mil, cikin mil 10,000 na farko a shekara, ba tare da an yanke masa haraji ba, amma inda nake aiki kwabo 30 suke bayarwa, ko mai ya hau ko ya sauka. Duk litar da na ɓarnatar daga bakin yara take fita.

Ranar da na fara shiga gidan mai a ƙasar nan ba zan manta da ita ba. Na tsaya kusa da famfo, na sauke gilashi, na zauna ina jiran yaro ya zo in ce masa a zuba na fam 20. Minti ɗaya, minti biyu, babu kowa. Ban ji an danna oda ba, domin su ba su iya ta ba, sai wata tsohuwa mai furfura da ke motar bayana ta fito cikin sanyin nan, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta tambaye ni ko ina da lafiya. Da ta gane inda matsalar take, ita ta zaro tiyon ta miƙa mini, ta nuna mini cewa mai koren mariƙi na fetur ne, mai baƙin mariƙi na dizal ne, ta ce in kiyaye domin kuskure tsakaninsu yana iya kashe inji. A nan kai za ka zuba da hannunka, sannan ka shiga kanti ka faɗi lambar famfonka ka biya, ko ka sa kati a jikin famfon. Da farko na ɗauka rashin girmama mai saye ne. Daga baya na ga amfaninsa, domin babu wanda zai tsaya tsakaninka da mita, babu zancen a ce maka ka duba sifili alhali an riga an fara, kuma jami'an awo na ƙaramar hukuma suna zagayawa suna gwada famfuna. Lita a nan lita ce, kuma duk lissafin da zan yi maka a ƙasa a kan wannan ya dogara.

Farashi ba ɗaya ba ne ko a unguwa guda. Gidajen man manyan kantuna irin su Tesco da Asda da Sainsbury's da Morrisons su ne suka fi sauƙi a yawancin lokaci, na kan manyan hanyoyin da suka haɗa birane kuwa sukan ɗora kwabo 20 ko fiye a lita, saboda sun san wanda ya tsaya a wurinsu ba shi da zaɓi. Akwai manhajojin waya da suke nuna farashin kowane gidan mai da ke kusa da kai. Na taɓa kamuwa da zazzaɓin bin araha, har sai da na zauna na lissafa na ga cewa rangwamen kwabo biyu a lita 40 kwabo 80 ne kacal, alhali zuwa da dawowa na mil goma yana cinye kusan lita guda, wadda ta fi kwabo 130. Tun daga nan nake sha a inda hanyata ta bi.

Kada ka ce ba mu san layin mai ba. A ƙarshen Satumbar 2021 aka samu ƙarancin direbobin tanka, labari ya bazu, kowa ya ruga ya cika tanki, cikin kwana biyu gidajen mai da yawa suka ƙafe. Na yi awa ɗaya da rabi a layi da asuba, wasu wuraren suka ƙayyade cewa ba za a sayar wa mutum fiye da na fam 30 ba, har a farkon Oktoba gwamnati ta sa sojoji tuƙa tankoki. Ina cikin layin nan ina kallon Turawa suna cacar baki a kan wanda ya riga wani, sai na ji kamar ina titin Zariya ana gobe Salla. Abu ɗaya ne kawai babu, wato 'yan bumburutu. Doka ba ta yarda mutum ya ajiye fiye da lita 30 a gida ba tare da ya sanar da hukuma ba, balle ya jera galan a bakin titi, saboda haka wanda mansa ya ƙare sai dai ya ajiye mota ya bi bas. A ranar na yi kewar yaran nan da muke zagi.

Wanda ya canza mini tuƙi shi ne tashin farashin 2022. Bayan Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairu, mai ya yi ta hawa, kuma duk da ragin kwabo biyar da ministan kuɗi na lokacin, Rishi Sunak, ya yi a harajin mai a watan Maris, zuwa farkon Yuli litar fetur ta kai kwabo 191, ta dizal ta kusa fam biyu. Motata ƙarama ce, Toyota Yaris, tankinta lita 42. A lokacin kullen korona na 2020, da mai ya faɗi ƙasa da fam ɗaya a manyan kantuna, fam 42 yana cika ta; a Yulin 2022 sai da fam 80. A wannan watan na sayi ƙaramin littafi na ajiye a aljihun ƙofar mota.

Wannan littafin shi ne abu na farko da nake so ka ɗauka daga wasiƙar nan. Na cika tanki har tiyo ya tsaya da kansa, na rubuta lambar da ke kan maleji, na yi ta aikina, da na dawo na sake cikawa na rubuta litar da ta shiga da sabuwar lambar, na raba tafiyar da litar. Mutanen nan suna da wani ruɗani nasu: mai da lita suke sayarwa, hanya da mil suke aunawa, shan man mota kuma da mil nawa take yi a galan, galan ɗin ma nasu lita 4.546 ne, ba irin na Amurka mai lita 3.785 ba. Ni dai na mayar da komai kilomita da lita, mil ɗaya kilomita 1.6. Awon farko ya nuna mini kilomita 13 a lita. Yau, a motar nan dai, a kan titunan nan dai, ina samun 16, wani lokaci da ɗoriya in bazara ce. Na san kai ba cika tanki kake yi ba, na dubu biyar ne yau, na dubu goma jibi, amma hakan ba zai hana ba. Ka rubuta kowace lita da ka sha da lambar maleji har tsawon wata guda, ka fara ka kuma rufe lissafin a lokacin da allurar mai take wuri ɗaya. Kafin in fara rubutawa, duk abin da na sani game da shan man motata zato ne da abin da na ji a bakin bakanike.

Yawancin bambancin kilomita ukun nan daga ƙafata ya fito. Lasin Najeriya wata 12 kawai yake aiki a nan, daga nan sai mutum ya yi jarrabawarsu, don haka ni da na yi shekara goma ina tuƙi a Kano sai ga ni ɗalibi a hannun wata malama 'yar asalin Jameka. A darasi na biyu ta yi shiru tana ɗan buga yatsa a gwiwarta, da muka tsaya ta ce mini tsakanin shataletale biyu, tafiyar da ba ta kai mil ɗaya ba, na taka birki sau goma sha ɗaya. Ta ce gudun da na kashe da birki da mai na saye shi, saboda haka duk takun birkin da ba dole ba kuɗi ne na zubar a kwalta. Ta koya mini in riƙa kallon nesa, mota ta huɗu ko ta biyar a gabana, in na hango danja ta ba da ja in ɗage ƙafa daga totur tun daga nesa in bar mota ta gangara da giyarta, sau da yawa kafin in isa an ba da hannu, in wuce ba tare da na tsaya cik ba. Tayar da mota daga tsaye shi ne inda inji ya fi zuƙar mai. Ta kuma hana ni jan giya, ta ce in sauya zuwa ta gaba kafin allurar juyin inji ta wuce 2,500. Na ci jarrabawa na watsar da karatun, sai da lita ta kai kwabo 191 na tuna da malamar.

A nan dole in yi maka adalci. Wannan tuƙin yana bukatar tazara tsakaninka da na gabanka, kuma a nan in ka bar tazara ba mai shigar maka. Da na zo gida bara na gwada shi da motarka daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Ƙofar Nasarawa, kai kanka kana gefena kana dariya, domin duk tazarar da na bari sai 'yan adaidaita sahu biyu ko uku sun cike ta. Ba zan ce ka yi abin da titi ba zai bar ka ka yi ba. Amma figar mota da gudu zuwa danjar da ka riga ka ga ta yi ja, da tayar da ita kamar ana tsere in an ba da hannu, waɗannan ba ɗan adaidaita ne yake sa ka ba.

Sai gudu a babbar hanya. Iyakar da doka ta sa a nan mil 70 ne a awa, wajen kilomita 113, kuma iskar da mota take turewa tana ƙaruwa ne fiye da yadda gudun yake ƙaruwa. Ƙungiyar masu motoci ta AA tana cewa gudun mil 70 yana iya cin mai da ya fi na mil 60 da kashi 9 cikin ɗari, na mil 80 kuma ya fi na 70 da kashi 25. Daga Bamingam zuwa Landan kimanin mil 120 ne, kuma in na yi tafiyar a kan 60 maimakon 70 minti 17 kawai nake ƙarawa. Manyan motocin kaya an ɗaure musu inji a mil 56, don haka layin gefe yana tafiya a natse, nakan zauna a cikinsa in ba su tazara mai kyau. Kai ma a tafiyar kilomita 150, kamar Kano zuwa Zariya ko kusa da haka, bambancin gudun 120 da na 100 kwata ɗaya ne na awa, kuma 100 ɗin ita ce iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta sa wa ƙananan motoci a tagwayen hanyoyi.

Akwai wata al'ada da muka gada wadda nake roƙonka ka bari, ita ce sakin firi a gangara. Direbobin Baba sun yi ta a kan Peugeot 504, kuma a irin wannan injin mai kafireto tana da ɗan dalili, domin yana jan mai ko da an ɗage ƙafa. Motarka 406 ce, kwamfuta ce take auna man da ake fesa wa inji. In tana cikin giya ka ɗage ƙafa daga totur, kwamfutar tana datse man gaba ɗaya, tayoyi ne suke juya injin. In kuwa ka cire giya, dole ta ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu. Wato firi a motar zamani asara ce, ga kuma raguwar iko a kan mota, abin da ya sa littafin dokokin hanya na nan ya yi gargaɗi a kansa. Kashe inji ɗungurungum a gangara, kamar yadda wasu direbobin haya suke yi, ya fi muni, domin ƙarfin birki da sauƙin sitiyari duka da injin suke aiki.

Iskar taya a nan sayenta ake yi, kwabo 50 ko fam guda a jikin na'ura, ka danna lambar da kake so, ka maƙala tiyo, in ta kai ta yi ƙara. Lambar da ta dace da kowace mota tana rubuce a wata 'yar takarda a jikin ƙofar direba ko a murfin tanki, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana baje wa a kwalta, inji yana wahalar jan ta, tana kuma saurin cinyewa. Mai facin unguwarmu, Allah ya saka masa, da ƙarfe yake bugun taya ya saurari ƙararta, in kuwa ya ɗauko geji to 40 ko 45 yake ba kowace mota, babba da ƙarama, wanda shi ma haɗari ne a kwaltar watan Afrilu. Ɗumama inji da safe ma, da muke tsayawa minti goma muna ba shi wuta, motar zamani ba ta bukatarsa. A tayar, a ɗan jira mai ya zagaya, a tafi a hankali. A nan in ka tsaya da inji a kunne ba dalili, jami'i yana iya cewa ka kashe, in ka ƙi ya rubuta maka tarar fam 20. Inji mai sanyi ya fi shan mai, kuma littafina yana nuna hakan ƙarara a Disamba da Janairu, shi ya sa nake haɗa aike-aike a fita ɗaya, in fara da wuri mafi nisa don injin ya yi ɗumi. But ɗin mota kuma na kwashe tarkacen da ke ciki, ko da yake ba zan ce ka ajiye safaya da jak da galan ɗin ruwa ba, domin a nan in mota ta lalace waya ake bugawa a zo a ja ta, kai kuwa a dajin Falgore kai ne mai ceton kanka.

Shawarar da suke yawan bayarwa a nan ta kashe na'urar sanyaya mota ba zan miƙa maka ita yadda take ba. Mutanen da sai a Yulin 2022 suka fara ganin zafin da ya kai digiri 40 a tarihinsu ba su da bakin gaya wa mutumin Kano yadda zai yi da watan Afrilu. Mu ɗumi muke nema a mafi yawan shekara, shi kuwa daga zafin injin yake fitowa, kusan kyauta. Abin da zan ce shi ne ka nemi inuwa in za ka ajiye mota, ka buɗe gilasai zafin ciki ya fita kafin ka kunna na'urar, a cikin gari in da hali ka wadatu da iskar Allah, a babbar hanya kuma ka rufe gilasai ka kunna, domin gilashi a buɗe cikin gudu shi ma yana riƙe mota.

Akwai abubuwa biyu da muka fi ku da su waɗanda babu dabarar tuƙin da za ta cike gurbinsu. Na farko, in na ajiye mota ina da abin hawa: tun Janairun 2023 gwamnati ta ƙayyade kuɗin bas a yawancin Ingila a kan fam biyu, daga Janairun 2025 ya koma fam uku, kuma bas yana da layinsa a titi da lokacin zuwansa. Ranar da ba ni da aiki motata ba ta motsawa. Na biyu, tun da na zo ban taɓa ƙona lita ɗaya don in ga haske ba. Kai kuwa jarkar da ka sayo rabi na mota ne rabi na janareta, har da injin jan ruwa, don haka in za ka buɗe littafi ka ware wa janareta shafinsa, wataƙila ka tarar ba motar ce babbar mai cin ba.

Ku ma kuna da inda kuka fi mu, wato hannun gyara. Garejin da nake zuwa fam 60 yake karɓa a kan aikin awa ɗaya kafin kuɗin kaya, shi ya sa mutane da yawa suke jinkirta juye har mota ta fara kuka. Kai da kuɗi kaɗan za a yi maka juyen baƙin mai, a duba fulogi, a canza matatar iska, wadda ƙurar hunturu take toshewa cikin 'yan makonni. Sai dai ka tsaya a kansu. Yawancin motocin da suka shigo daga Kwatano, abin da bakanike yake fara yi shi ne ya cire musu tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da aka yi wa haka yana daɗewa bai kai ɗumin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba, kwamfutar kuma tana ƙara masa mai muddin tana jin sanyi. Ka tambayi bakanikenka ko taka tana ciki, in an cire, kuma lagireto lafiya lau yake, a mayar da ita.

Ka kuma tambaye ni batun motoci masu haɗa fetur da batir. Direbobin tasi da yawa a nan su suke ja, Toyota Prius da Corolla, domin a cunkoson gari suna mayar da ƙarfin birki cikin batir maimakon ya tafi a banza. Masu lantarki zalla suna da araha ga wanda yake da wurin caji a gidansa, ni kuwa mai haya a bene sai dai cajin kan titi, wanda tsadarsa take cinye ribar. Maganar mayar da motarka mai amfani da iskar gas ta CNG da ake ta yi a gida, ka fara ƙirga gidajen da suke sayar da ita a kan hanyoyin da kake bi da kuma tsawon layinsu, sannan ka tabbatar tukunyar da za a sa maka ta ainihi ce, ba wadda aka yi wa walda a bayan kasuwa ba.

Akwai wani ɗan'uwa da zai taho gida a ƙarshen wata, na ba shi gejin iskar taya guda biyu, ɗaya naka ɗaya na mai facin unguwa, tare da saƙon Inna. In ka cika wata guda kana rubutawa, ka ɗauki hoton shafin ka turo mini in gwada da nawa. A gaishe da Yaya Babba da yara, a kuma ce wa Inna maganin ƙafar yana cikin ƙaramar jaka.

Ƙaninka, daga Bamingam.